Yadda ake koyar da gajerun kalmomin Turanci masu ƙarewa da harafi ɗaya

Iyaye da malaman firamare, har da manya masu karatun yaƙi da jahilci, sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: ga jerin kalmomin Turanci masu harufa uku da suka ƙare da harafi guda, irin su *cat*, *pot* da *sit*, to ta ina ake farawa, kuma me ya sa yaro zai haddace su yau, gobe ya watsar? Harafin ƙarshe yana da amfani wajen tara kalmomin wuri guda, amma kunne ne ke raba su gida-gida. Wanda ya haɗa wa yaro *cow* da *low* da *new* a zama ɗaya don kawai ƙarshensu ya yi kama a ido, rikita shi ya yi, domin ukun nan babu wadda ake furtawa kamar 'yar'uwarta. Ga yadda ake bin aikin daga farko.

1. Tanadi kayan aiki

Kana buƙatar farin kwali biyu, maka biyu, baƙa da ja, almakashi, robar ɗaure kuɗi guda uku, littafin rubutu sabo wanda ba za a haɗa shi da wani darasi ba, da ƙaramin madubi. Kwali mai faɗin santimita 50 da tsawon 70 zai ba ka kati 50 idan ka yanka kowane santimita 10 a kan 7. Kuɗin da za ka kashe na kwalin ne da maka kawai, in ma babu hali, bayan kwalin sukari ko na ganyen shayi yana yin aikin.

Sai ƙamus guda biyu. Na farko na Turanci zalla a waya, wanda ake danna kalma a ji furucinta. Na biyu na Turanci zuwa Hausa, kamar na Roxana Ma Newman da ya fito a 1990, domin tabbatar da ma'ana.

Gargaɗi: a ƙamus na waya zaɓi lafazin Ingila, kada ka riƙa sauyawa. Ba'amurke in ya ce *hot*, kunnen Bahaushe *hat* zai ji, kuma makarantun Najeriya da Ghana tsarin Ingila suke bi.

2. Bi harufan a wannan jeri

Fara da t, sannan n, d, g, p, x, y, a ƙarshe w. A biyar ɗin farko kusan kowane harafi yana faɗin sautinsa, yaro zai iya haɗa baƙi da wasali ya karanto da kansa. Ukun ƙarshe sai an tsaya an yi bayani. Kada ka ɓata lokaci kana neman gajerun kalmomi masu ƙarewa da j, q ko v, ba su da yawa, kuma mai koyo ba ya buƙatarsu yanzu.

Kada a shiga sabon harafi sai an ci gwajin wanda ake kai, kamar yadda yake a mataki na 11.

3. Raba kalmomin gida-gida

Ɗauki harafin t. Kalmomin da suka ƙare da shi za ka kasa su gida biyar bisa wasalin da ke tsakiya.

Gidan -at: *cat* kyanwa, *rat* ɓera, *mat* tabarma, *hat* malafa, *bat* jemage, *fat* mai ƙiba ko kitse.
Gidan -et: *net* raga, *wet* jiƙaƙƙe, *get* samu, *let* bari ko ƙyale.
Gidan -it: *sit* zauna, *hit* buga, *fit* yi daidai, *bit* ɗan guntu.
Gidan -ot: *pot* tukunya, *hot* mai zafi, *dot* ɗigo, *cot* gadon jariri, *rot* ruɓe.
Gidan -ut: *cut* yanka, *hut* bukka, *but* amma, *nut* noti ko ƙwaya mai ɓawo.

Gida ɗaya a rana, kalmomi biyar ko ƙasa da haka ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 8. Babba zai iya ɗaukar takwas zuwa goma. A kowane gida fara da abin da ake iya nunawa da hannu, tabarma da tukunya kafin *but* da *let*.

Gargaɗi: *put*, wato sa ko ajiye, ba 'yar gidan -ut ba ce a furuci. Wasalinta irin u ɗin Hausa ne, alhali na *cut* ya fi kusa da gajeren a. Ware ta, ka koyar da ita ita kaɗai bayan gidan ya zauna. Haka *eat* ci, da *out* waje, sun ƙare da t amma gininsu daban ne, a bar su sai gaba.

Wani gargaɗin ga wanda ya fara iya karatun Hausa: harafin c a wurinsa shi ne na "ciki" da "cokali", don haka zai karanta *cat* kamar *chat*, wadda ke nufin hira. Faɗa masa tun ranar farko cewa c a gaban a, o da u a Turanci k ne.

4. Rubuta katin

A fuskar kati rubuta kalmar da ƙananan harufa, amma ka yi rubutun da girma, baƙin farko da baƙar maka, wasali da harafin ƙarshe da ja. Launin ne zai nuna wa ido cewa *cat* da *rat* wutsiyarsu ɗaya. A bayan kati rubuta ma'ana guda da Hausa, da gajeriyar jimla ta Turanci wadda ba ta wuce kalmomi biyar ba, misali *The pot is hot*.

Ma'ana guda, ba uku ba. *Bat* jemage ne, kuma sandar buga ƙwallo ce, amma ta biyun a bar mata gurbi a ƙasan kati, a ƙara ta bayan mako biyu. Kada kuma a rubuta furucin da harufan Hausa a kan kati, irin "kat" ko "fot". Yaro zai riƙe wannan ya saki rubutun ainihi, ranar shifta shi zai zuba maka.

5. Zaman minti 15

Jerin shi ne kunne, baki, ido, sannan hannu, kuma a nan yawancin masu koyarwa ke juya abin, su fara da kwafar rubutu.

Minti uku na farko, faɗi kalmar sau uku kana nuna abin ko hotonsa, katin yana kife. Minti huɗu na gaba, yaro ya maimaita bayanka, kana sauraron ƙarshen kalmar musamman. Sai ka buɗe katin, ku bi harufan ɗaya-ɗaya da yatsa, sannan a haɗe, wannan ma minti huɗu. A minti huɗu na ƙarshe ka kife katin, ya rubuta daga ka a littafinsa, ya buɗe ya duba da kansa. Inda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai ya sake rubutawa a gefe, kada ya goge, domin kuskuren ne zai nuna maka inda za ka koma gobe.

Kada a sa shi rubuta kalma sau ashirin. Bayan na uku hannu ne kawai ke tafiya.

6. Gyara ƙarshen kalma: t, n, d, g

Nan ne zuciyar aikin. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi ya sa kalmomin da muka ara muka ƙara musu shi: bokiti, banki, kotu, kofi. Wannan sabon ne ke sa mai koyo ya ce "kati" maimakon *cat*, ko kuma ya haɗiye harafin ƙarshen gaba ɗaya. Maganin yana cikin Hausar kanta. Yaron da ke cewa "fari fat" da "shiru tsit" da "ɗaya tak" ya riga ya iya tsayar da kalma a kan baƙi. Sa shi ya ce "tsit", nan take ya ce *sit*. Ya ce "fat", ya ce *hat*. Sau kaɗan za a yi wasalin ƙarin ya faɗi.

Harafin n yana da tasa matsalar. Kalmominsa su ne irin *man* namiji, *fan* fanka, *pan* kwanon suya, *hen* kaza, *pen* biro, *ten* goma, *pin* fil, *tin* gwangwani, *win* yi nasara, *sun* rana, *run* gudu, *gun* bindiga. A Hausa, n ɗin ƙarshen kalma kamar a "nan" da "can" daga can bayan baki yake fita, ta hanci. A Turanci wannan sauti na ng ne, kuma yana sauya ma'ana: *win* ta koma *wing* fiffike, *sin* zunubi ta koma *sing* rera waƙa, *ran* ta koma *rang*. A gaban madubi, kan harshe ya taɓa dasashin haƙoran sama ya tsaya a nan har sautin ya ƙare. In ba ka ga harshen ya ɗaga ba, ng ya faɗa.

Gargaɗi: *son* ɗa namiji, furucinta ɗaya da *sun* sak, *won* kuma ɗaya da *one*. Kada a sa su gidan -on.

Ga d da g, kamar *bed* gado, *red* ja, *lid* murfi, *mud* taɓo, *sad* mai baƙin ciki, *bag* jaka, *leg* ƙafa, *dig* haƙa, *dog* kare, *rag* tsumma, *big* babba, kuskuren shi ne d ta koma t, g ta koma k. Sai *bad* ta zama *bat*, *bag* ta zama *back* baya. Abin da ke raba su a bakin Bature shi ne tsawon wasali: a *bad* ana ɗan jan a ɗin, a *bat* ana datse shi. Koyar da wannan jan, ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin ƙarfafa d ɗin, wanda kan dawo da wasalin ƙari.

Kafin a bar wannan mataki a yi wasan tagwaye. Ajiye kati biyu, ka faɗi ɗaya, yaro ya nuna: *cat* da *cut*, *hat* da *hut*, *bag* da *bug*, *ran* da *run*, *pen* da *pan*, *bed* da *bad*. Hausa wasula biyar gare ta, Turanci ya fi haka nesa, don haka waɗannan tagwaye sukan narke su zama abu ɗaya a kunne. Sai ya iya bambancewa da kunne kafin a nemi bakinsa ya bambance.

7. Harafin p

*Cap* hula, *map* taswira, *tap* famfo, *gap* giɓi, *lap* cinyar wanda ke zaune, *nap* ɗan gajeren barci, *lip* leɓe, *dip* tsoma, *sip* kurɓa, *tip* tsini ko tukwici, *top* saman abu, *hop* tsalle da ƙafa ɗaya kamar a wasan langa, *cup* kofi, da *up* sama.

A Hausa ko ka ce fanka ko ka ce panka, abu ɗaya ka faɗa. A Turanci p da f ba sa haɗuwa: *cup* kofi ne, *cuff* bakin hannun riga, *cop* ɗan sanda, *cough* tari. Madubin nan ne zai yi aiki. A p, leɓɓa biyu suna rufewa ruf, iska ta tsaya. A f, haƙoran sama suna sauka a kan leɓen ƙasa, iska tana ci gaba da fita. Gwajin mai sauƙi ne: ana iya jan f har numfashi ya ƙare, p ba ya jawuwa. In yaro ya iya jan ƙarshen *cap*, to f yake yi.

Ba wa wannan harafi ninkin lokacin da ka ba t. Babba ma yakan fi yaro daɗewa a nan, kada a matsa masa a gaban mutane.

8. Harafin x

Kalmomin kaɗan ne, kwana biyu sun isa: *box* akwati, *six* shida, *mix* gauraya, *fix* gyara, *tax* haraji, *fox* yanyawa, *wax* kakin zuma, *ox* takarkari. Harafin sauti biyu ne manne, k da s. Kuskuren da ake yi shi ne cusa i a tsakani, a ce "bokis" da "sikis". A ce "tak", a bi shi da s ba tare da an buɗe baki ba, ga *tax* ta fito. Jam'insu da -es ne, *boxes*, *foxes*, in ban da *ox* da ke komawa *oxen*.

9. Harafin y

A ƙarshen kalma y ba baƙi ba ne, aikin wasali yake yi, kuma gida huɗu gare shi.

Masu sautin "ai" kamar a "kai": *by* kusa da, *my* nawa, *cry* kuka, *dry* busasshe, *fly* tashi sama ko ƙuda, *fry* soya, *sky* sararin sama, *try* gwada, *shy* mai kunya, *why* don me, da *buy* saya, wadda u ɗinta ba a furta shi.
Masu -ay, sautinsu e mai ɗan ja zuwa i: *day* yini, *say* faɗa, *pay* biya, *way* hanya, *hay* busasshiyar ciyawar dabbobi, *lay* shimfiɗa ko ajiye.
Masu -oy: *boy* yaro, *toy* abin wasan yara, *joy* murna.
Masu sautin i: *key* mabuɗi, da *any* kowane.

Hatsarin yana gida na biyu. Wanda ya saba da karatun Hausa in ya ga *say* zai ce "sai", *way* kuma "wai", har ta yi karo da *why*. Don haka kada a koyar da gidan farko da na biyu a mako ɗaya. A gama "ai" tsaf, a yi gwaji, sannan a shiga -ay.

Su *cry*, *dry*, *fly*, *sky* da *try* kuma baƙaƙe biyu ne a jere a farkonsu. Saurara da kyau kada a ce "kirai" ko "sikai".

Dokar rubutu ɗaya ce ta dace a shigo da ita nan. In baƙi ne ya gabaci y, tana komawa i in an yi ƙari: *cry*, *cries*, *cried*, *fly*, *flies*. In wasali ne ya gabace ta, tana nan daram: *days*, *boys*, *keys*, *buys*. Uku ne suka kauce a abin da ya wuce, sai a haddace su: *pay* ta koma *paid*, *lay* ta koma *laid*, *say* ta koma *said*, wadda ake furta ƙarshenta kamar na *bed*.

10. Harafin w

An bar shi ƙarshe ne domin ido ba ya iya raba gidajensa, sai an ji.

Masu sautin "au" kamar a "yau": *cow* saniya, *how* yaya, *now* yanzu, *vow* alwashi.
Masu sautin o mai ja, kamar a *go*: *low* ƙasa-ƙasa, *tow* jan mota da wata motar, *mow* yanke ciyawa.
Masu -aw, o ne a buɗe ba "au" ba: *saw* zarto ko ya gani, *law* doka, *raw* ɗanye, *jaw* muƙamuƙi, *paw* dagi.
Masu -ew, wato "yu": *new* sabo, *few* kaɗan, *dew* raɓa.

*Sew* ɗinki tana kama da gida na huɗu amma furucinta ɗaya da *so*. Sannan akwai uku masu fuska biyu, kowace a yi mata kati biyu da jimla daban-daban. *Bow* da o mai ja bakan harbi ne, da "au" rusunawa ce. *Sow* da o shuka ce, da "au" macen alade. *Row* da o layi ne ko tuƙa kwalekwale, da "au" rigima. Irin waɗannan ne ke kayar da ɗalibai a tambayoyin furuci na jarabawar WAEC da NECO, inda ake neman kalmar da sautin ƙarshenta ya yi daidai da na wata, don haka lokacin da aka kashe a kansu tun firamare ba asara ba ne.

11. Bita da gwaji

Robobin nan uku yanzu za su yi aiki. Ɗauri na ɗaya ana duba shi kullum, na biyu bayan kowane kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Sabon kati yana shiga na ɗaya. In yaro ya karanta shi daidai ya kuma faɗi ma'anarsa a zama biyu a jere, ya haura ɗauri na gaba. In ya faɗi, ko daga na uku ne, ya dawo na ɗaya. In ɗauri na ɗaya ya wuce kati 15, a dakatar da sababbin kalmomi har ya ragu.

Kwana biyar na sababbi, rana ta shida ta shifta. Zaɓi kalmomi goma a cakuɗe daga gidaje daban-daban. Faɗi kalmar, ka sa ta a jimla, ka sake faɗinta, ya rubuta ta da ma'anarta. Takwas cikin goma ya wuce. Ƙasa da haka, duba irin kuskuren kafin ka yanke abin yi: in wasalin tsakiya ne, koma wasan tagwaye, in harafin ƙarshe ne, koma madubi, in ma'ana ce, jimlar bayan katin ta yi nauyi, a sauya ta.

Gargaɗi: karkaɗa katunan kafin kowace bita. Yaro yakan haddace jeri ya riƙa rera *cat*, *rat*, *mat* ba tare da ya kalli kati ba. A kuma riƙa tambaya ta ɓangare biyu, wani lokaci daga Turanci zuwa Hausa, wani lokaci ka ce "tukunya" ya kawo *pot*. Na biyun ya fi wuya, kuma shi ne ke nuna ko kalmar ta zauna.

12. Ƙara -ing da -ed

Wannan sai an gama harufa takwas ɗin. Kalmar da ta ƙare da wasali ɗaya da baƙi ɗaya tana ninka baƙin ƙarshe: *sit* ta zama *sitting*, *run* ta zama *running*, *dig* ta zama *digging*, *hop* ta zama *hopping* da *hopped*. Barin ninkin yana kawo wata kalma dabam, *hoping* fata ne daga *hope*, *taping* kuma daga *tape* take, ba daga *tap* ba.

Harufa uku ba a ninka su, x da w da y: *fixing*, *mixing*, *sewing*, *towing*, *paying*, *crying*. Lura cewa y ba ta komawa i a gaban -ing.

Kada a ƙara -ed a kan kowace kalma. *Cut*, *hit*, *put*, *let* da *set* ba sa sauyawa a abin da ya wuce, *sit* tana komawa *sat*, *run* ta koma *ran*, *win* ta koma *won*, *get* ta koma *got*, *dig* ta koma *dug*. Rubuta kowace a ƙasan katinta na asali da jan maka, ka mayar da katin ɗauri na ɗaya, ya sake hawa daga farko.